Ranar da Aka Ɗora Uwaisu a Sikeli

Uwaisu ɗan gidan mahauta ne a Rijiyar Usaini, wani ƙauye a ƙasar Ungogo inda gona ke manne da gona, mutum ya yi tari a tasa maƙwabci ya ce masa sannu. Gajere ne, siriri, ba kyau ba yawan magana. Abu uku ya iya: fiɗar akuya, noman gonar da ubansa Tasi'u ya bar masa, wadda ke ba da dami arba'in in damina ta yi kyau, sai dambe.

Damben garinsu na kaka ne. In an ɗaure gero an kai rumbu, sai makaɗa su fito da kalangu, samari su naɗe hannun dama da tsumma da zare har ya yi tauri kamar kan kulki. Ba a biyan kowa. Ba a tambayar girman kowa. Ka ratsa fage ka miƙa wa wanda kake so hannu, in ya tashi shi ke nan. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, haka ake cewa, ko da ya tashi yana dariya. Daga shekara goma sha bakwai har ya kai talatin, gwiwar Uwaisu ba ta taɓa ƙasa ba. Ba ƙarfi gare shi ba, ƙafa gare shi. Ka kai masa hannu nan, ka tarar yana can.

Halinsa kuwa, bai yarda da kowa ba, kuma ya san ranar da abin ya fara. Yana saurayi, lokacin da gyaɗa ke da daraja, ya raka ubansa rumfar awo da buhu uku a kan jakai. Malam Ja'afaru ne mai sikeli. Ya ɗora buhun farko, ya ɗan matsa ƙarfen, ya ce, “Bai cika ba, ja gefe.” Na biyu ma haka. Uwaisu yana kallon babban yatsan ƙafar Malam Ja'afaru a ƙarƙashin farantin sikelin, ubansa ma yana kallo. Shekara ta zagayo, uban ya zuba yashi mudu biyu a tsakiyar kowane buhu, ya yayyafa wa gyaɗar ruwa. Buhunan suka cika. Abin da Uwaisu ya koya ke nan: sikeli ragi yake yi, abin da bai cika ba gefe ake jan shi, mai hankali kuwa da ƙarinsa yake zuwa.

Sai shekarun wahala suka zo. Fari ya biyo fari. A shekarar tamanin da huɗu gonar dami arba'in ta ba da shida, su ma rabi ƙaiƙayi. Da kakar nan ba wanda ya taɓa kalangu. Fawa ta mutu, don mai sayen tsoka ya koma neman garin rogo. Matarsa Sauda ta ja geron nan da dusa da ganyen tafasa har tsakiyar rani. Ranar da ta kwance zangarniyar da suka rataye don iri ta zuba a turmi, Uwaisu yana zaune a tsakar gida. Bai hana ta ba. 'Ya'ya huɗu ne ke kallon turmin.

Zuwa bazara lissafin a fili yake. In ruwa ya sauka ba shi da abin shukawa, gona za ta kwana. In ta kwana, akwai wani dillalin fili daga birni da ya riga ya zo sau biyu yana taka iyakarta yana ƙirga taku. A sayar, a ci kuɗin, a koma unguwar Bacirawa a bakin birni tura kurar ruwa. Gidaje uku a garin sun riga sun bi wannan hanya.

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari. Wai wani Alhaji Kallamu, Babarbare mai fataucin kanwa da ya daɗe a Kano, wanda ke da gidan dambe a Bacirawa inda ake biyan kuɗin ƙofa, zai sa gasa a filin kasuwa ranar Laraba. Za a ɗora kowa a sikeli kafin ya shiga fage. Wanda bai kai kilo sittin da biyar ba yana cikin ƙanana, wanda ya haura yana cikin manya. Ƙanana da ƙanana, manya da manya, kowane ɓangare buhun gero guda ga wanda ya yi saura.

Mai shela bai rage komai ba, bai ƙara ba. Mutane ne ba su yarda ba. Wa ke dambe da bazara, ciki ba komai? Wa ya taɓa auna ɗan dambe kamar ragon layya? Wane ɗan kasuwa ne zai ba da buhu biyu a shekarar da ake sayen gero da gwangwani? Da aka ji kuma cewa tsohon sikelin gyaɗa za a karkaɗe, Malam Ja'afaru ne zai riƙe shi, sai dattawan gindin tsamiya suka ce ai magana ta ƙare.

Uwaisu ya shiga gida ya tarar da Sauda tana tsince tafasa.

“Buhu ɗaya ne,” ya ce. “Na manya. Wannan ƙananan da ake faɗi, ja gefe ne aka sa wa suna mai daɗi. Za a auna mu a ce ba mu cika ba, mu zauna mu yi wa 'yan birni kallo, su ɗauki geronsu su koma da shi.”

“To kai nawa ne, Maigida?”

“Ina na sani? Ni akuya ce?”

Ta dube shi tun daga wuya har ƙafa, irin kallon da shi yake wa dabba a kasuwa. “Ba ka cika ba,” ta ce. “Bara ma da ƙyar, balle bana. Ga kuma yatsan Ja'afaru.”

Shawarar ta su biyu ce, kada a ɗora wa ɗaya. Ɗan dambe yana ɗaura guru a ƙugu, ɗamarar fata da aka ɗinke asiri a ciki, kuma ba mai taɓa gurun wani ko ya tambayi abin da ke ciki. Gidan mahauci bai rasa fata. Sauda ta tattaro karyayyar fartanya, bakin garma da ya cinye, kan gatari da ya tsage. Uwaisu ya farfasa su a kan dutse a bayan gida. Ta zauna yini biyu da basilla tana ɗinki, tana cusa auduga tsakanin ƙarafan don kada su yi ƙara. Da ya ɗaura, sai ya ji kamar an goya masa yaro a ƙugu.

“Ka yi tafiya in gani.”

Ya yi.

“Kada ka riƙa buɗe ƙafa kamar mai kaciya. Daidai.”

Ranar Laraba da hantsi filin kasuwa ya cika. Uwaisu ya sha ruwa ƙwarya biyu kafin ya fito, ya kuma tarar ba shi kaɗai ya yi dabarar ruwa ba. Samari goma sha ɗaya ne a layi, haƙarƙari a waje, ciki a kumbure, kowa yana matse ƙafa yana roƙon a yi sauri. A gefe guda ga 'yan birni uku da Alhaji Kallamu ya zo da su, jikinsu yana sheƙi, suna cin rake. Babbansu Sama'ilu, wanda ake wa kirari da Katangar Bacirawa, shekara takwas ba shi da sana'a sai dambe. Wuyansa ya kai cinyar Uwaisu.

A bayan Uwaisu a layi akwai Ɗan'auta, ɗan ƙanin babarsa, wanda Uwaisu ya kashe sau huɗu a kaka huɗu.

“Yaya Uwaisu, sabon guru?” in ji Ɗan'auta. “Wane malami ne ya ba ka mai kauri haka? Duk Alƙur'anin aka naɗe a ciki?”

“Ka kula da wandonka, ruwa na neman hanya.”

Malam Ja'afaru ya tsufa, ido ya yi rauni, sai ya kusa manna hanci da ƙarfen kafin ya karanta. Hamsin da takwas. Sittin. Hamsin da biyar. Duk wanda aka faɗi nasa sai a ce ya tsaya hagu, shi kuwa ya ruga bayan danga. Uwaisu ya hau, idonsa a kan ƙafar tsohon. Ƙafar tana cikin takalmi, nesa da faranti. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba, sai ya ɗauka an sauya dabara.

Tsohon ya matsa ƙarfe, ya sake matsawa, ya ɗago ya dube shi.

“Sittin da shida. Kai ɗan Tasi'u, me kake ci a gidanka da ba ma ci?”

Aka yi dariya. Aka ce ya tsaya dama, wajen masu rake. Ya tsaya yana jin ya tsallake rami.

Bai daɗe yana jin haka ba. Wata a-kori-kura ta ja da baya har bakin fage, aka sauke buhu, aka sake sauke wani. Ɗaya aka jingina a hagu, ɗaya a dama. Alhaji Kallamu da kansa ya kwance bakin kowanne, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga can ƙasa ya watsa a faifai don kowa ya gani. Gero ne, ja, tsabtatacce. Buhun hagu tun farko na 'yan gari ne, shi ya sa Alhaji bai zo da ƙaramin ɗan dambe ko ɗaya ba. So yake ya ga wa ke da hannu a cikin ƙauyen.

Uwaisu ya dubi layin hagu. Mutum goma sha ɗaya, babu wanda bai taɓa kashewa ba a cikinsu. Irin shukarsa ke nan a jingine a buhun hagu, da abincin da zai riƙe gida har a gama noman farko, kuma shi da kansa ya ɗauke ƙafarsa daga wurin.

Hanya ɗaya ta rage: ya kwance gurun ya ce a sake awo. Ya kai hannu ƙugu. Sai ya ga abin da zai biyo baya kamar yana faruwa. Wani zai ɗaga gurun ya ji nauyi. Za a farke. Bakin garma zai faɗo a gaban gari, a gaban Malam Ja'afaru. Daga ranar kuma duk kisan da ya yi a shekara goma sha uku za a ce dama da wani abu a naɗin hannunsa. Ko ajiye gurun a gefe ba zai iya ba, don makaɗa za su ɗauka su riƙe masa. Ɗan'auta yana can hagu bai ɗauke ido daga ƙugunsa ba. Uwaisu ya gyara ɗaurin, ya sauke hannu.

Aka ja kara tsakanin manya huɗu, nasa ya faɗa kan Sama'ilu.

Dambe turmi uku ne, wato karo uku da ɗan hutu a tsakani. A turmin farko Uwaisu ya gane abin da ya yi wa kansa. Ƙafar da yake taƙama da ita ta zama ta aro. Ya ga hannun yana zuwa, ya san inda zai kauce, ƙugu ya ƙi binsa da wuri. Hannun ya same shi a kafaɗa, ya ji har haƙori. Ruwan ƙwarya biyu yana kaɗawa a cikinsa. Ya daina neman kisa, ya koma neman tsayuwa, hannun hagu a miƙe yana tare fuska.

A turmi na biyu Sama'ilu ya gaji da bin sa, ya kai masa ƙafa a ƙugu da duk ƙarfinsa. Uwaisu ya yi tangal-tangal bai faɗi ba. Sama'ilu ne ya ja da baya yana ɗingishi, yana kallon gurun, yana kallon ƙaurinsa. Fage ya ɗauki ihu. Makaɗa suka juya kiɗa zuwa taken Uwaisu. Wani tsoho ya ce ai ga asiri nan, yaron jikinsa ƙarfe ne. Gaskiyar da ya faɗa ta fi wadda ya sani.

Turmi na uku duka ne kawai. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya fashe, gefen kan gatari ya huda fata ya fara yankar masa ƙugu. Sau biyu gwiwarsa ta tafi ƙasa, sau biyu ya tsayar da ita saura kaɗan. Aka raba su yana tsaye.

A al'adar gari turmi uku ba kisa canjaras ne, kowa ya koma wurinsa. Amma gasa sai an fitar da mutum ɗaya. Alƙalin wasa ya ɗaga hannun Sama'ilu, ya ce ya fi kai duka. Gari ya tashi. Ana cewa cuta, ana cewa dama mun faɗa, ana zagin sikeli da mai sikeli da Barebari gaba ɗaya. Uwaisu yana zaune ana kwance masa zare. Ya san wanda ya yi cuta a filin nan. Kafin la'asar Ɗan'auta ya kashe mutum uku, aka ɗora masa buhu a jaki.

A gida Sauda ta kwance gurun da kanta, ta wanke yankan da ruwan bagaruwa.

“Da ka cire,” ta ce.

“A gaban gari?”

“Gari zai shuka maka gona?”

Ya gyara mata zama ta gama wankin. Ita ma ta bar maganar nan, don da basillarta aka ɗinka gurun.

Washegari da safe aka yi sallama a zaure. Alhaji Kallamu ne, shi kaɗai. Uwaisu ya shimfiɗa masa buzu, suka gaisa, ya zauna nesa kaɗan yana jiran jin ta inda za a cuce shi.

“Malam Uwaisu, shekara talatin ina sayen kanwa,” in ji Alhaji. “Daga nesa nake gane buhun da aka sa wa dutse. Ƙaurin Sama'ilu ya kumbura kamar rogo. Ya ce shi dai ya sha dukan guru, bai taɓa dukan wanda ya rama ba.”

“Asiri ne, Alhaji.”

“Na maƙera ne. Ban zo in tona ba. Ka zo gidana ran Juma'a, a auna ka ba komai a ƙugu, ka kara da sa'anka. Ka kashe ko a kashe ka, akwai ladanka.”

“Mu nan ba ma dambe don lada.”

“Jiya don me ka yi?”

Uwaisu ya shafa yankan ƙugunsa. Can ya ce, “Kai me za ka ci a ciki?”

“Kuɗin ƙofa. Labarinka ya riga ni isa Bacirawa. Mutum ɗari biyu za su biya su ga ɗan ƙauyen da Katanga ya kasa kayarwa. Zan ci fiye da abin da zan ba ka, nesa ba kusa ba.”

Tun da aka fara maganar gasar nan, wannan ce magana ta farko da Uwaisu ya yarda da ita, don ya ga inda ribar mutumin take. Sai aka yi gyaran murya daga cikin gida. Ya shiga. Sauda tana tsaye a bayan zana.

“Gero,” ta ce. “Kada ka karɓi kuɗi. Kafin ka iso kasuwa da su sun ragu. Rabin buhu, kuma ka sa hannu har ƙasa.”

Ran Juma'a ya tafi da ido ɗaya a kumbure. Sikelin Bacirawa ya ce sittin da ɗaya. Da ya shiga fage ba ƙarfe a ƙugu, ji ya yi kamar an kwance masa dabaibayi. Yaron da aka haɗa su bai gama gyara tsayuwa ba ya ji shi a ƙasa. Uwaisu ya ɗauro rabin buhu a keken aro. Sauda ba ta bari an taɓa ba sai da ta jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma ta rufe kwana uku, don ta ce mai yiwuwa tsohon gero ne da ba ya tsira. Tamanin da bakwai suka fito. Ta ware tiya biyar ta ɗaure a rufin ɗaki. Kwana goma sha biyu bayan haka ruwa ya sauka, suka shuka gonar tun daga iyaka har iyaka. Dillalin fili ya zo karo na uku ya tarar da gero ya kai idon sawu.

Shekara shida Uwaisu ya yi yana zuwa Bacirawa duk Juma'ar rani. A cikin ƙanana ba a sami wanda ya tsaya masa ba sai mutum biyu, ɗaya ma bahago ne. Rijiyar Usaini ba ta ƙirga ko ɗaya a ciki ba. Cewa ake damben kuɗi ne, ana sayar da kisa a bayan rumfa, kuma me ye abin faɗi in ɗan tsako ya buge ɗan tsako? In musu ya tashi a gindin tsamiya kan wa ya fi a 'yan damben ƙasar nan, masu Ɗan'auta su ce shi ya ɗauki buhu, masu Sama'ilu su ce shi ya ci abinci da hannunsa har ya gina gida, amma yawanci a ƙare a kan Uwaisu, saboda rana ɗaya tak: ranar da ya zaɓi manya da kansa, ya yi turmi uku da Katanga bai durƙusa ba. In ana wannan zance yana wurin, sai ya tashi ya ce zai duba akuya.

Ya rasu yana da sittin da 'yan kai, ciwon ƙirji. Bayan an yi arba'in Sauda ta fito da gurun ta nuna wa mata, ta farke gefe ɗaya bakin garma ya leƙo. Labari ya isa gindin tsamiya kafin azahar. Maza suka ce tsohuwa ta fara ruɗewa, ko kuwa Ɗan'auta ne ya sa ta. Ba ta yi musu da kowa ba.

Gonar tana nan. Gidajen bulo sun kewaye ta ta gefe uku, babban ɗansu ke noma ta, kuma duk kaka Sauda ke zaɓen zangarniyar iri da hannunta. Gurun kuwa da shi take danne murfin randar da take ajiye irin, saboda ɓera.